Kifin Roba a Uwar Tafki



Akwai wani irin su da muka koya a Amurka, wanda har yau in muka ba da labarinsa a gida sai an yi mana kallon waɗanda zaman ƙasar waje ya taɓa wa kai. Mutum zai yi tafiyar awa uku da rabi a mota da daren Juma'a, ya yi sallar asuba a bakin ruwa, ya shiga ruwan gishiri iya cinya, ya wuni yana jefa wa kifi abincin ƙarya na roba ko na ƙarfe. In kuma Allah Ya ba shi babba, sai ya cire masa ƙugiya ya sake shi. Mu huɗu ne muke wannan abu, dukkanmu mazauna birnin Hustan a jihar Teksas, kuma ɗayanmu ɗan masunta ne gaba da baya daga Yauri. Muna so mu faɗa muku yadda abin yake, da dalilin da ya sa muke ganin ba hauka ba ne.

Sunan wurin Laguna Madre. Sifaniyanci ne, ma'anarsa Uwar Tafki. Wani siririn ruwa ne da ya miƙe a gaɓar kudancin Teksas, daga birnin Corpus Christi har kusa da iyakar Meziko, tsawonsa ya haura kilomita 200. Abin da ya raba shi da babban teku shi ne tsibirin Padre, wani dogon tudun rairayi mai kimanin kilomita 180. Duk wannan tsawo nasa, zurfinsa a mafi yawan wurare bai wuce mita ɗaya ba. Za ka yi tafiya mai nisa a cikinsa ruwa bai kai maka ƙugu ba.

Babu wani babban kogi da ke zuba a cikinsa, ruwan sama kaɗan ne a yankin, ga rana da iska suna ta shanye shi. Saboda haka gishirinsa ya kan fi na teku, kuma tafkuna irinsa ba su da yawa a duniya. Kafin 1949, lokacin da aka kammala haƙa wata hanyar jiragen ruwa da ta ratsa shi, gishirin ya kan ninka na teku a shekarun fari har kifaye su mutu. Hanyar ta sa ruwa yana ɗan zagayawa, abin ya yi sauƙi. A ƙasan wannan ruwa mai haske ciyawa ce shimfiɗe kamar darduma. Mafi yawan ciyawar teku ta jihar Teksas a nan take, kuma a cikinta jatan lande da ƙaguwa da 'ya'yan kifi suke ɓuya har su girma.

Kifi biyu muke nema. Na farko mutanen can suna ce masa redfish, mu kuwa jan kifi muke cewa. Launinsa kamar na jan ƙarfe, yana da baƙin tabo a gindin wutsiya, ga ƙarfi kamar ɗan maraƙi. Na biyu siriri ne mai ruwan azurfa, bayansa duk ɗigo-ɗigo baƙi, da 'yan fiƙoƙi biyu a gaban baki. Su speckled trout suke ce masa. Mu da muka ga zanen jikinsa sai muka raɗa masa zabuwar ruwa, sunan kuma ya bi shi a tsakaninmu. Dangi ɗaya ne su biyun, dangin kifayen da mazansu ke yin wata ƙara kamar kiɗan ganga da cikinsu a lokacin barbara.

Bazarar can tana faɗowa a watannin da tamu take faɗowa, Maris zuwa Mayu, amma halinsu daban. Tamu zafi ce mai jiran ruwan sama. Tasu kuwa lokacin da sanyi ke sakin ƙasa ne. A hunturu kifaye suna komawa wurare masu zurfi da taɓo, inda ruwa bai cika yin sanyi ba. Da rana ta fara ƙarfi, ruwa marar zurfi shi ke fara ɗumi, ga shi a wannan lokaci ruwan tafkin yana ƙaruwa ya hau kan filayen da suka kusa bushewa. Ƙananan jatan lande da 'ya'yan kifi su cika ciyawa, manya su biyo su. Zabuwar ruwa kuma tana shirin zuba ƙwai daga wajen Afrilu, don haka tana cin abinci ba kama hannun yaro. A nan ne mai fatsa zai iya haɗuwa da kifi mafi girma a rayuwarsa cikin ruwan da bai kai gwiwa ba.

Sai dai bazara tana zuwa da iskarta. Daga kudu maso gabas take busowa, kuma gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa ba abin mamaki ba ne a Corpus Christi. A wannan tafki iska ta fi wata iko da ruwa: ita ke tura shi gefe guda, ta cika nan ta rage can, ta dama wani wuri ya koma kamar kunu, ta bar wani garau. Mun koyi mu sa ta a bayanmu, ta ɗauki jifarmu ta kai ta nesa, mu kuma nemi layin da gurɓataccen ruwa ya haɗu da mai haske, domin a nan manyan kifi ke fakewa suna dakon ƙanana.

To, mene ne wannan abincin ƙarya? Asalin dabarar tsohuwa ce, amma labarin da muka fi so shi ne na wani masunci ɗan ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala. Ya lura cewa in babban kifi ya faɗa cikin garken ƙanana, wanda ke ɗingishi a iyo shi yake zaɓa. A 1936 ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace marar nauyi, ya lulluɓe shi da takardar azurfa ta cakulan, ya yi ta gyara shi har ya riƙa karkaɗa a ruwa kamar mai rauni. Har yau sunansa na kan kifayen roba a shagunan duniya. Duk wani abincin ƙarya da ke cikin akwatinmu a kan wannan lura aka gina shi: mafarauci ba ya son wahala, mai rauni yake nema.

Iri huɗu muka fi ɗauka. Akwai mai yawo a saman ruwa, ɗan dogo kamar yatsa biyu a haɗe, da 'yan duwatsu a ciki masu ƙara. Shahararrensu shi ne Zara Spook na kamfanin Heddon, wanda ya fito tun 1939. Kana girgiza bakin sanda kana naɗe zare, shi kuma yana tafiya dama da hagu kamar maye. Da sassafe, ruwa kwance, in zabuwa ta kai masa cafka sai ka ji fam! ruwa ya fashe, gabanka ya faɗi. Ƙa'idarsa ita ce kada ka fizga don ka ga fashewar ruwa, ka jira sai ka ji nauyi a hannunka. Akwai cokali, wato wani ƙarfe mai ruwan zinariya da aka lanƙwasa kamar kan cokalin shayi, da siririyar waya da ke kare ƙugiya daga kama ciyawa. Walƙiyarsa ita ke jawo jan kifi. Akwai roba mai laushi mai siffar ɗan kifi ko jatan lande, da ake sa wa ƙugiya mai ɗan kan dalma, a riƙa ɗaga ta ana bari ta sauka. Yawanci a wajen saukar ake cafke ta.

Na huɗu shi ne na masu haƙuri. Corky ake ce masa, wani mutumin Hustan mai suna Paul Brown ya fara yin sa a gidansa a shekarun 1970. Nutsewa yake a hankali, kamar kifin da sanyi ya sangartar. Ka jefa, ka ɗan taɓa shi sau biyu, ka tsaya, ka ƙirga a ranka, ka sake taɓawa. Da shi ne Jim Wallace ya kama wata zabuwa mai nauyin sama da kilo 6 a mashigin Baffin a watan Fabrairun 1996, wadda ta zama mafi girma da aka taɓa rubutawa a jihar a lokacin. Shi Baffin wani reshe ne na tafkin, mai wasu duwatsu a ƙarƙashin ruwa waɗanda ƙananan tsutsotsi suka gina tun shekaru aru-aru. Suna tara kifi, suna kuma fasa jirgin wanda bai san hanya ba. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa ba ma shigarsa sai da wanda ya san shi.

Amma duk kyan abin da ka ɗaura a zare, in ka jefa shi inda babu kifi, wanka kawai kake yi masa. Yawancin aikin kallo ne. Muna duba inda wani kifi mai yawan tsalle da suke kira malet yake tsalle a firgice, ba tsallen nishaɗi ba. Muna duba fararen filayen rairayi da ke tsakiyar ciyawa kamar sanƙo, domin a bakinsu zabuwa ke kwanciya. Muna duba inda tsuntsaye ke shawagi suna faɗawa ruwa. Wani lokaci wani ɗan maiƙo zai taso a saman ruwa, zagayayye kamar faranti, yana ƙamshin kankana. Alama ce kifi ya ƙoshi har ya amayar da wani abu a ƙasa, kuma in maiƙon ƙarami ne to sabo ne, mai shi bai yi nisa ba. In kuwa ka hango wutsiya ja tana kaɗawa a sama da ruwa, jan kifi ne ya kafa kai a ciyawa yana tonon ƙaguwa.

Hausawa suka ce kifi na ganinka mai jar koma. Ba mu san zurfin wannan magana ba sai a ruwan da ba shi da zurfi. A nan inuwarka tana isa wurin kifi kafin jifarka. Taku ɗaya mai ƙarfi yana tura igiyar ruwa da kifi ke ji a jikinsa tun daga nesa. Shi ya sa muke sauka daga jirgi mu shiga da ƙafa, mu jeru da tazara tsakaninmu, muna tafiya kamar masu bin sawun ɓarawo. Kuma ba a ɗaga ƙafa, jan ta ake yi a ƙasa, saboda kunamar ruwa. Irin wadda masuntan Binuwai suka sani ce, faffaɗa kamar faifai, tana binne kanta a rairayi da ƙaya mai dafi a wutsiya. In ka ja ƙafa ka zungure ta, guduwa take. In ka taka ta, ranar asibiti za ka kwana.

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, alhali ga jatan lande mai rai ana sayarwa a bakin gada? Gaskiya ne, kuma ranaku da yawa mai abinci na gaske ya fi mu kamu. Ba ma raina shi, halalinsa yake nema. Dalilinmu biyu ne. Na farko, jatan lande mai rai shi ke yi maka aikin, kai zama kawai za ka yi. Roba kuwa matacciya ce, duk motsin da za ta yi daga hannunka zai fito, kuma ba za ka iya kwaikwayon abin da ba ka tsaya ka kalla ba. Dole ka san yadda jatan lande ke zabura da baya in ya tsorata, da yadda kifi mai rauni ke kifewa gefe. Ƙaryar ba ta shiga sai a hannun wanda ya san gaskiyar ruwan. Na biyu, abinci na gaske kifi haɗiye shi yake, ƙugiya ta kan kai har maƙogwaro ko ciki. Roba kuwa galibi a leɓe take kamawa, don haka za ka iya cire ta ka saki kifin da ransa da lafiyarsa.

A kan wannan sakin ne muka sha magana. Wata rana ɗan Yaurin namu ya tura wa kawunsa bidiyon wata zabuwa mai inci 27 da ya mayar ruwa. Ko minti goma ba a yi ba sai ga kira. Muna jin muryar dattijon ta waya yana cewa, "Kai ɗan nan, lafiyarka kuwa? Arzikin da Allah Ya kawo maka har hannu shi ka mayar? Mu nan mutum sai ya kwana a kan ruwa bai ga rabin wannan ba." Abokinmu ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri Kawu, mace ce, ƙwai ne cike da cikinta." Dattijo ya yi shiru, can ya ce, "To, in haka ne da sauƙi. Amma dai ku da kuka ƙoshi ne kuke wasa da abinci."

Maganar Kawu ta zauna mana a rai, domin akwai gaskiya a cikinta. Su a wurinsa tuwon gida ne da kuɗin makarantar yara. A wurinmu hutun ƙarshen mako ne. Kuma ko a Teksas ɗin an yi wannan rigima. A shekarun 1970 jan kifi ya yi ƙaranci ƙwarai, wasu masu fatsa suka kafa ƙungiya a Hustan a 1977 suna neman a kare shi. A 1981 majalisar jihar ta hana sayar da jan kifi da zabuwar da aka kamo daga ruwan Teksas, a 1988 kuma aka hana kafa taru a ruwan gishirin jihar. Kifi ya farfaɗo, amma iyalan da suka gaji su a matsayin sana'a da yawansu sun rasa abin yi. Duk ranar da muka tsaya a ruwan nan muna jin daɗin yawan kifi, mun san akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan daɗi.

Abin da ya sa duk da haka muke saki shi ne abin da ya faru a watan Fabrairun 2021. Wani matsanancin sanyi ya sauko Teksas, wuta ta ɗauke wa miliyoyin mutane, mu kanmu mun kwana cikin barguna a gidajenmu. Rashin zurfin da ya sa tafkin ke saurin ɗumi a bazara, shi ya sa ya yi saurin yin ƙanƙarar sanyi, kuma hanyoyin fita teku kaɗan ne. Hukumar kula da namun daji ta jihar ta ƙiyasta cewa kifi aƙalla miliyan 3.8 suka mutu a gaɓar Teksas, kuma a wajen zabuwa, Laguna Madre ce ta fi ko'ina asara. Dubban kunkurun teku aka tsamo a sandare aka kai su ɗakuna masu ɗumi. Bazarar da ta biyo baya mun shiga wuraren da muka saba, muka yi ta jifa, shiru kamar an share.

Nan da nan hukuma ta rage adadin zabuwar da mutum zai iya ɗauka a rana daga biyar zuwa uku a tafkin. A 2024 aka mayar da ukun doka a duk gaɓar jihar, kuma mai tsawon inci 15 zuwa 20 ake ɗauka. Jan kifi ma uku ne, daga inci 20 zuwa 28. Hikimar ita ce, a zabuwa kusan duk manyan mata ne, namiji ba ya girma sosai. Babbar mace tana zuba ƙwai ninkin-ba-ninkin na ƙarama, kuma sau da yawa take zubawa daga bazara har ƙarshen zafi. Wadda ta tsallake sanyi ta kai inci 27 ita ce irin shuka. Manomi ko yunwa ta kai ina, ya san bambancin hatsin ci da na iri. Ko Carl Rowland, wanda ya kama wadda ta fi ta Wallace a kudancin tafkin a watan Mayun 2002, mai tsawon sama da inci 37, auna ta ya yi ya mayar da ita ruwa.

Da abokinmu ya sake yi wa Kawu wannan bayani a wani kiran, dattijon da kansa ya kawo misalin da ya fi namu. Ya ce ai tun kakanni Sarkin Ruwa yana rufe gurbi ya hana kowa su a cikinsa sai ranar da aka buɗe, kuma don haka ne ake fito da manyan giwayen ruwa a Matan Fada ranar bikin Argungu. Bai ce mun yi daidai ba. Ya dai ce, "In dai kuna kai wa iyalinku na miya, to Allah Ya yi albarka."

Muna kuwa kai musu. Kowace tafiya mukan ɗauki biyu ko uku matsakaita, waɗanda doka ta yarda, mu sa su a ƙanƙara. Jan kifi in ya sha yaji da tafarnuwa a kan gawayi ba ya buƙatar talla. Sauran kuwa akwai yadda ake sakinsu. Mukan danne ɗan haƙorin ƙugiya da filaya tun a gida don ta fita da sauƙi. Ba a ja da kifi har ya galabaita. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi, don kada a goge santsin da ke kare fatarsa. Babba ba a rataye ta da leɓe, tallafe cikinta ake yi. Sannan a riƙe ta a cikin ruwa, kanta na fuskantar inda ruwa ke tahowa, har sai ta buga wutsiya da kanta ta ƙwace. Ita ma ciyawar ana kiyaye ta: tun 2013 laifi ne farfelar jirgi ta tumɓuke ta a gaɓar Teksas, domin tabon da farfela ta yi cikin daƙiƙa kaɗan sai ya yi shekaru bai rufe ba. In mun zo wuri marar zurfi, kashe inji muke, mu ɗaga shi, mu bar iska ta tura mu.

Irin wannan sanyi ya zo a 1983, ya zo a 1989, ya zo a 2021, kuma zai sake zuwa a ranar da babu wanda ya sa masa. Ba mu da iko a kansa. Abin da ke hannunmu shi ne yawan manyan matan da zai tarar a cikin ruwa, domin daga cikin waɗanda suka tsira ne tafkin zai sake cika. Mu baƙi ne a wannan gaɓa, mun zo mun tarar da kifi saboda wasu kafin mu sun bar shi. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sun fara riƙe sanda, kuma muna so su ma su tarar.

Allah Ya ba masuntanmu na gida sa'ar kamu, Ya albarkaci ruwayenmu da nasu. Mu kwana nan, sai wani makon in Allah Ya kai mu.